Me ya sa matsalar da aka gyara a waya take dawowa?

Ko a Wurma kake ko Dutsin-Ma ko Kurfi, ka san wannan: ka sabunta manhaja, sai abin da yake aiki jiya ya tsaya cak. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna fama da wannan koma-bayan.

Ranar 9 ga Satumba 1947, masu kula da kwamfutar Mark II ta jami'ar Harvard a Amurka suka ciro wani ƙwaro da ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aiki, suka rubuta lokaci. Rahoto ke nan. A 1998 Mozilla ta saki Bugzilla, inda kowace matsala ke samun lambarta. Shekara guda kafin nan Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit, mai gwada manhaja da kanta. Da aka haɗa biyun sai ya zama in an gyara matsala, a rubuta mata gwaji mai ɗauke da lambar rahotonta. Duk ranar da gwajin ya faɗi, an san tsohon ciwon da ya taso da yadda aka yi maganinsa a baya.

A ganina ba wanda ya riƙe wannan kamar SQLite, da Richard Hipp ya fara a 2000. Tana cikin wayarka yanzu haka, a ciki WhatsApp ke ajiye saƙonninka. Dokarsu: ba a cewa an gyara matsala sai an ƙara gwajin da zai kama ta. Layukan gwajinsu sun ninka na manhajar fiye da sau 500!

In gwaji ya bar ƙofa fa? Ranar 24 ga Satumba 2014 Apple ta fitar da iOS 8.0.1 don gyara wasu kurakurai, sai masu iPhone 6 suka rasa sabis, zanen yatsa ma ya daina buɗe waya. Cikin kamar awa ɗaya aka janye shi.

To kai in za ka tura ƙorafi, “ba ta aiki” ba ya zama gwaji. Rubuta samfurin wayar, lambar sigar manhajar, abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, sannan ka haɗa da hoton allo.