Murhun banda na ganga: yadda ake haɗa shi da haɗarin da ke tattare da shi

Banda hanya ce ta adana kifi da nama ta hanyar zafi da hayaƙi. Zafin yana rage ruwan da ke jikin kifin, hayaƙin kuma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kansa. Daga Baga a gaɓar Tafkin Chadi har zuwa Yawuri, an daɗe ana yin ta a kan murhun laka. Yaɗuwar kiwon tarwaɗa a birane ya sa mutane da yawa sun koma amfani da gangar ƙarfe mai cin lita 200, saboda tana da araha kuma ana iya ɗaukar ta daga wuri zuwa wuri.

Haɗa murhun ba shi da wuya. Ana cire murfin gangar, a yanka ƙaramar ƙofa a gindinta domin zuba garwashi, a huda ramuka kaɗan don shigar iska. Sai a gitta sandunan ƙarfe a sama, a ɗora ragar waya hawa biyu ko uku, a rufe da murfi mai kafar fitar hayaƙi.

Babban haɗarin yana ga abin da gangar ta taɓa ɗauka. Wadda aka zuba fetur ko tina a cikinta tana riƙe tururin man ko da ta yi wata da watanni ba komai a ciki, kuma tartsatsin injin yanka ko na walda ya isa ya sa ta fashe. Shi ya sa ƙwararrun masu walda ke cika irin wannan ganga da ruwa kafin su taɓa ta. Wadda kuwa ta ɗauki maganin ƙwari ko na kashe ciyawa, ba wankin da zai sa a amince da ita, gara a bar ta. Mafi dacewa ita ce gangar da aka kawo man girki ko wani kayan abinci a ciki, ita ma sai an ƙone ta da wuta mai ƙarfi har fentinta ya tashi, sannan a kankare a wanke.

Kwanon rufi da wayar da aka lulluɓe da zink ba su dace da wuta ba, domin hayaƙinsu yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tsohon firji ma yakan ja hankalin masu son sauƙi, tunda yana da ƙofa da kantoci, amma roba da soson da ke cikin bangonsa suna fitar da guba idan sun ji zafi.

Itacen ma abin lura ne. Busasshen ƙirya ko marke yana ba da garwashi mai ɗorewa. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da leda, da tsohuwar taya, duk suna barin guba a jikin abinci. Ko da itacen mai kyau ne, idan kitse yana ɗiga kai tsaye cikin wuta, hayaƙin yana ɗauke da sinadarai da ake kira PAH, ciki har da benzo[a]pyrene, wanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta tabbatar yana haddasa cutar ga ɗan Adam. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilo na bandar kifi ba. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Gana a 1969 da taimakon hukumar FAO, ya rage cin itace sosai amma bai magance wannan matsala ba. Murhun FTT-Thiaroye na Senegal ya zo da faranti mai tare kitse tsakanin wuta da kifi, dabarar da mai ganga zai iya kwaikwaya da ɗan faifan ƙarfe.

Dole zafin tsakiyar kifi ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, na kaza kuma 74. Kifin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, kuma fesa masa maganin ƙwari, kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke yi, guba ce ga mai ci. A waje ake kunna murhun, nesa da danni da rufin ciyawa, domin garwashi a cikin ɗaki yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa.