Tutar jiha a jikin jirgin sama: asalin al'adar da matsayinta a Najeriya

Kowane kamfanin sufurin jiragen sama yana da launi da tambarin da ake gane jiragensa da su. Wasu kamfanonin kan ƙara da zana tutar wata jiha ko rubuta sunan wani gari a jikin jirgi, domin karrama mutanen wurin da kuma jawo su su riƙa shiga.

Inda al'adar ta fi shahara

Kamfanin Southwest Airlines na Amurka, mai hedikwata a Dallas, shi ne ya yi fice a wannan fanni. A 1990 ya lulluɓe wani jirgi ƙirar Boeing 737 da tutar jihar Texas, ya raɗa masa suna Lone Star One. Daga baya ya yi wa Arizona nata a 1994, California a 1995, Maryland a 2005, sai Florida a 2010. Babu ɗaya daga cikin jihohin da ta mallaki kamfanin. Shi ne ke zaɓen wuraren da yake da fasinjoji masu yawa. Dabarar ta karɓu ne saboda kowace daga cikin jihohin Amurka 50 tana da tutarta da jama'a suka sani.

Yadda abin yake a Najeriya

A Najeriya tutocin jihohi ba su yi irin wannan suna ba, don haka launin ƙasa ne ya daɗe yana hawa jiragen. Kamfanin Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, ya yi amfani da kore da fari, tare da tambarin giwa mai fukafukai.

A Arewa, sunan gari ne ya tsaya a madadin tuta. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, kuma ta jiragensa sunan garin Kabo na jihar Kano ya isa har Jidda tare da alhazai. Haka Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano yake ɗauke da sunan garin Rano. Duka biyun na 'yan kasuwa ne.

A Kudu kuwa, gwamnatocin jihohi ne suka shiga harkar. Ibom Air, mallakar jihar Akwa Ibom, ya fara jigila daga Uyo a watan Yunin 2019, yana kuma aiki da lasisinsa na kansa. Sauran sun dogara da wasu kamfanoni: Dana Air ne ya gudanar da Imo Air da aka ƙaddamar a 2017, wanda bai yi nisan kwana ba, Aero Contractors ya riƙe jiragen Cally Air na Kuros Riba, Enugu Air kuma ya fara a Yulin 2025 a hannun XEJet.

Fenti ba shi ne shaidar mallaka ba

Abin da ke nuna ƙasar da aka yi wa jirgi rajista shi ne haruffan da ke jikinsa ta wajen wutsiya. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar da 5U, na Habasha da ET. Muhimmancin wannan ya bayyana a watan Mayun 2023, lokacin da aka gabatar da wani jirgi mai launi da sunan Nigeria Air a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Masu lura sun hango ET a jikinsa, daga bisani kuma aka tabbatar da cewa hayarsa aka yi daga Ethiopian Airlines don bikin.

Jihar Neja

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙira a 1976, ba ta da kamfanin jirgi nata. Matafiyi daga Kontagora sai ya kama hanyar mota zuwa Minna, Kaduna ko Abuja kafin ya hau jirgi. Filin jirgin Minna, da aka sauya wa suna zuwa na Bola Ahmed Tinubu a 2024, ya samu jigilar fasinja ta kamfanin Overland Airways a 2025.

Jihar ba ta rasa abin zanawa ba: akwai Dutsen Zuma, madatsun Kainji da Shiroro, da masarautu irin su Bida, Suleja da ta Sarkin Sudan na Kontagora. Sai dai darasin Imo da na Abuja ya nuna cewa duk lokacin da aka ga sunan jiha a jikin jirgi, akwai tambayoyin da suka riga batun launi: wa ya mallaki jirgin, da lasisin wa yake tashi, kuma daga wace taska ake biyan kuɗin mai da gyara.