ZARE: Tafinta, mutumin da ke tsaye tsakanin bindiga da gari

1/ Jiya da daddare muka kalli The Covenant, fim ɗin Guy Ritchie na 2023. Sojan Amurka John Kinley ya ji mummunan rauni a Afganistan, tafintansa Ahmed ya jawo shi ta cikin duwatsu har ya kai shi tudun mun tsira. 'Yan ɗakinmu sai yabon Ahmed suke. Ni kuwa Jibia ce ta faɗo mini a rai. Ku gyara zama, zaren nan da ɗan tsawo. 🧵

2/ Dalili kuwa, irin wannan yaƙin an yi shi a ƙasarmu: hafsoshi baƙi, tafintoci 'yan gida. Sai dai a namu labarin mu ne mutanen ƙauyen nan da kyamara ke wucewa ta kansu ba a ko tambayi sunansu ba. Layin da ya raba Magama Jibia da Ɗan Issa ma akwai bakin tafinta a cikin shata shi. Bari mu bi abin daki-daki.

3/ Kalmar "tafinta" kanta baƙuwa ce. Kalmar Ingilishi ce, interpreter, bakin Bahaushe ya murɗa ta, kamar yadda ya samar da masinja da soja. Tare da bindigar Bature ta shigo. Kafin nan muna da jakada da manzo, amma su saƙon sarki suke kai wa sarki. Tafinta kuwa yana tsaye ne a gefen mai bindiga.

4/ Mu fara da ɓangaren Faransa. A 1898 Kyaftin Cazemajou ya isa Damagaram. A watan Mayu na shekarar aka kashe shi a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wa aka kashe tare da shi? Tafintansa, wani mai suna Olive. Tun daga nan za ku gane cewa duk abin da ya samu hafsa, tafinta ba ya tsira.

5/ Shekara na zagayowa, 1899, sai ga ayarin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine daga yamma, sun nufi Tafkin Chadi. Turawan cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne: sojoji, 'yan dako, matan da aka kama a hanya, 'yan ja-gora da tafintoci. Yawancin sojojin daga yankin Mali da Senegal na yanzu aka ɗebo su.

6/ Ku duba yadda magana ke tafiya a irin wannan ayari. Bature ya faɗa da Faransanci, a juya zuwa Bambaranci, wani ya sake juyawa zuwa Zabarmanci ko Hausa. Amsar mai gari ta koma ta wannan hanyar. "Ba mu da hatsi bana" kan iya isa kunnen Voulet a matsayin "sun ƙi bayarwa". Kuma shi mutum ne da ke ƙona gari a kan ƙin bayarwa.

7/ A Afrilun 1899 suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Konni, suka yi kisan da har yau jikokin mutanen garin ba su manta ba. 'Yan ja-gorar da aka zarga da ɓatar da ayari, ratayewa ake yi. Wato wanda ya ƙi nuna hanya ya mutu, wanda ya nuna aka rasa rijiya shi ma ya mutu.

8/ Labari ya kai Faris, aka turo Kanal Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka yi bore suka kashe Chanoine, kashegari suka kashe Voulet. Kabarinsu yana Maijirgi. Daga Jibia, in ka bi ta Maraɗi, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba.

9/ Voulet yana da tafinta na hannun dama, Mamadu Kulibali. Sunansa ya shiga tarihi ne ta bakin hafsoshin Faransa da suka tsira suka rubuta rahoto. Nasa bakin ba mu da shi. Wannan ita ce matsalar tarihin tafinta gaba ɗaya: mutumin da aikinsa magana ne, amma wasu ne suka ba da labarinsa.

10/ Ga masu cewa ba mu da fim ɗin yaƙi irin wannan: akwai. Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Akwai kuma African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun ayarin gari-gari yana jin ta bakin jikoki. Ku neme su.

11/ Yanzu mu tsallako ɓangaren Ingila. 1 ga Janairu 1900 Lugard ya kafa tuta a Lakwaja ya ce Arewa ta zama tasu. Da baki kawai, don Kano da Katsina da Sakkwato ba su san zancen ba. Idanunsa da kunnuwansa su ne 'yan aike masu jin harsuna, irin su Adamu Jakada, wanda ke kai wasiƙu Kano yana dawowa da rahoton abin da ya gani.

12/ Oktoba 1902, Keffi. Kyaftin Moloney yana takun-saƙa da Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin. Tsakaninsu akwai tafinta, Audu Timtim. Masu tarihi da dama sun ruwaito cewa Audu yana sauya saƙo, yana faɗa wa kowane ɓangare abin da zai ƙara zargi. Ranar da abin ya fashe, an kashe Moloney, an kashe Audu. Baki shi ke yanka wuya.

13/ Magaji ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugard ya riƙe wannan a matsayin hujja. 3 ga Fabrairu 1903 Kanal Morland ya ci Kano. 15 ga Maris aka ci Sakkwato. 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Daga Keffi zuwa Burmi, wata goma ba su cika ba.

14/ Wata hujjar ta Lugard ita ce wasiƙar da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wai babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu, asalin takardar Larabcin ba a gan ta ba. D.J.M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakku a kanta a littafinsa na 1964. Daula guda, an kafa hujjar cin ta da fassara.

15/ A nan sai mu yi adalci fa. Ko da Audu Timtim ya fassara gaskiya tsantsa, Lugard zai zo Kano. Tun a teburin Turai aka gama rabon. Tafinta ya iya hanzarta wuta ko ya jinkirta ta, amma ba shi ya tara itacen ba. Ɗora masa laifi duka ya yi wa Turawa daɗi, don yana wanke su.

16/ Kuma wa ya riƙe bindigogin? Rundunar da ta fasa ganuwar Kano, yawancinta Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, Turawa 'yan kaɗan ne a sama. Da ɗan gari akan ci gari. Wasu tsofaffin bayi ne da suka gudu, wasu albashi ya kawo su, wasu suna da tsohon haushin sarakuna. Kowa da abin da ya kai shi.

17/ Katsina ba a yi harbi ba. Ƙarshen Maris 1903 Lugard ya iso, Sarki Abubakar ya karɓe shi. Wato a nan komai da magana aka yi: sharuɗɗa, haraji, alkawura, duk ta bakin mai fassara. Cikin 'yan shekaru an tuɓe Abubakar, an tuɓe Yero da ya gaje shi, Durɓi Muhammadu Dikko ya hau.

18/ To mu dawo Jibia. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Har yau sarautar can sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi. Tsawon ƙarni na 19 Katsina biyu suna kai wa juna hari, irin na zamanin Ɗan Baskore. Yankin Jibia yana tsakiya. Gaba ce ta 'yan uwa: ana yaƙi, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya.

19/ Turawa kuwa da taswira suka fara. 1890: layi daga Say zuwa Barruwa. 1898: aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka ba Ingila. Faransa ta ga an bar ta ba hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder. Ta yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904, aka sake gyarawa a 1906. A haka Konni da Tibiri da Maraɗi suka tabbata a hannunta.

20/ Daga 1906 zuwa 1908 aka fito daji don kafa alamu. Kyaftin Tilho na Faransa, Manjo O'Shee na Ingila. Alamu 148 suka kafa daga Kwara zuwa Tafkin Chadi, aka rattaba hannu a 1910. Layin da ake buga maka hatimi a kansa yau a Magama, daga wannan aikin ya samo asali.

21/ Ga inda tafinta ya shigo. Ana so layin ya bi iyakokin tsofaffin masarautu, to ta yaya Bature zai san ƙauye kaza na Katsina ne ko na Maraɗi? Sai ya tambaya: wa kuke bi, wa kuke kai wa haraji? Ƙauyen bakin daji kuwa sau da yawa yakan lallaɓa ɓangarorin biyu don ya zauna lafiya. Amsa mai harshe biyu, takarda kuma gida ɗaya take so.

22/ Ayarin Tilho yana da hafsa tafinta, Moïse Landeroin. Ya zauna da dattawa da makaɗa da masu sarauta ya tattara tarihin Maraɗi da Gobir da Damagaram, shi da Tilho suka fitar da ƙamus da nahawun Hausa. Shi sunansa yana bangon littafi. Hausawan da suka zauna suna warware masa magana, yawancinsu sun ɓace a ƙarƙashin aikin.

23/ Sakamakon muna cikinsa. Ɗan Jibia ya koyi Ingilishi, ɗan goggonsa na Ɗan Issa ya koyi Faransanci. Naira a nan, sefa a can. In suka haɗu Hausa suke yi, amma takardunsu ba sa jin juna. Ni kaina ranar da na fara zuwa Maraɗi, wani yaro sa'ana ne ya karanta mini takardar da aka miƙo mini. 'Yan uwa, amma sai da tafinta.

24/ An rufe iyakar Jibia a Agustan 2019 har Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Goggona tana aure a Maraɗi. A rufewar ta biyu aka yi rasuwa a gidanmu, ta waya ta yi ta'aziyyar ɗan uwanta. Layin da aka ja da tambayar "wa kuke kai wa haraji" ya hana ta zama a tabarmar makoki.

25/ To tafinta gwarzo ne ko maci amana? Ya danganta da inda aka ajiye kyamara. Ahmed na fim gwarzo ne don daga idon Kinley muke kallonsa. Da daga idon ƙauyen da aka kai wa samame aka ɗauka, wani sunan za a kira shi. Amadou Hampâté Bâ ya rubuta littafi guda a 1973 kan Wangrin, tafintan da ya yi ta juya Turawa da sarakuna don amfanin kansa. Irin wannan ma akwai.

26/ Abin da bai sauya ba shi ne ƙarshen labarin. Soja baƙo yana da jirgin komawa gida, tafinta kuwa gidansa nan ne. Amurka ta fice daga Afganistan a Agustan 2021, ta bar da yawa daga waɗanda suka yi mata aiki suna jiran biza. A fim Kinley ya koma ya ɗauko Ahmed. Audu Timtim babu wanda ya koma dominsa.

27/ Roƙona ga 'yan Jibia, Kaita, Ɗan Issa, Madarumfa da Maraɗi: in akwai tsoho a gidanku, ku tambaye shi abin da ya ji daga kakanninsa game da zuwan Nasara. Wa ya yi musu tafinta a garinku? Ina zuriyarsa? Ku ɗauka a waya kafin ƙasa ta rufe ido. Rahoton Tilho yana ajiye a Faris, namu yana bakin mutanen da shekaru suka ja.

28/ Nan zan tsaya, gobe ina da lacca ƙarfe takwas. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, ɗalibi ne ni. Allah Ya jiƙan mutanen Konni da Lugu da Burmi, Ya zaunar da Jibia lafiya. 🤲