SON MASO WANI: TARIHIN DA LITTAFI DA FIM SUKA TSALLAKE

Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala. Da wuya ka kalli finafinai uku a jere, ko ka karanta littattafan soyayya uku, ba ka ci karo da wannan karin magana ba. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: bayan an ƙoshi da wahalar, sai kuma me? Wanda aka ce ba a so, ina ya nufa? Yaya ya ƙarasa sauran shekarunsa a duniya?

Abin ba yau ya fara ba. A Madina, zamanin Manzon Allah (SAW), an yi Barira, baiwar da Nana A'isha ta saya ta 'yanta. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi a kan aurenta, sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Mugisu ya riƙa bin ta yana kuka, hawaye na jiƙa masa gemu. Manzon Allah da kansa ya roƙa masa ita. Da ta fahimci roƙo ne, ba umarni ba, ta tsaya a kan bakanta, kuma ba wanda ya tilasta ta. Darasi biyu ke nan: ba a yi wa mai so dariya ba, ba a kuma ɗora wa wadda ba ta so laifi ba.

Mu dawo gida. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 a kudancin ƙasar Kano ta rasu a 1951, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. An yi mata auren zumunci da ɗan uwanta Duma alhali hankalinta na kan Malam Maigari. Ta yi wa iyaye biyayya ta zauna 'yan shekaru, sannan ta fita ta auri wanda take so. Aure huɗu ta yi a rayuwarta, ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Mun ji ta bakin Baba. Duma fa, wanda aka bari?

Idan ka duba adabinmu, mai karatu, za ka ga mun fi ƙwarewa wajen labarin son da aka raba, a kan son da aka ƙi. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, Abubakar da Zainab suna son juna, kuɗin Malam Shehu ne ya shiga tsakani. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), Sumayya ce ta fara furta so, Muhammad ya noƙe saboda shi talaka ne, amma daga baya ya amsa. A fim ɗin Sangaya (1999), Maina ya tsani Zubaina tun farko, kafin a tashi kallo kuwa zuciyarsa ta juyo. Wato dai a wurinmu ƙi ɗan jinkiri ne, ana haƙuri ya zama so. Ko Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta fi kowa nuna mace mai tsayawa da ƙafarta, a Alhaki Kuykuyo Ne (1990) ta sa Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan Alhaji Abdu ya kore ta, amma a ƙarshe gidan nasa aka mayar da ita.

To amma rayuwa ba ta cika bin wannan tsari ba. Je ka ƙasar Rano ka gani. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, kuma a tsohon rabon aiki ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini da tufafi. Maza ke shiga karofi, amma zaren da ake saƙawa mata ne ke kaɗa shi a cikin gida, kuɗinsa kuma nasu ne, miji ba shi da iko a kai. Da kaɗi ya ja baya, sai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa suka maye gurbinsa. Wannan 'yar jaka ta mace ita ce ta sa a Rano da Kibiya da ƙauyukansu kusan kowane dangi na da wata goggo ko inna da ke zaune a sashenta, tana ci da guminta, har maza na zuwa rance wurinta.

Mu ma muna da tamu, ƙanwar kakana ce, a wani ƙauye na Kibiya. Mahaifina na ce mata Goggo, mu ma muka bi bakinsa. An yi mata auren fari tana yarinya, bai daɗe ba ya mutu. Tana zawarci aka shiga farin 1973, abinci ya yi wuya, samarin yankin da dama suka tafi leburanci a aikin madatsar ruwan Tiga, wanda gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974. Cikinsu har da wani aminin yayanta, mutum mai shiru-shiru, wanda kan biyo ta gidan ya sayi ƙuli idan zai koma. Shi zuciyarta ta kama.

A wancan zamani babu wasiƙa, balle waya. Wata tsohuwa ta aika ta gaya masa. Amsar da ta dawo gajera ce: ya gode, amma shi ƙanwa ya ɗauke ta, kuma ya riga ya kai kuɗi wani gida. Yayanta, wato kakana, ya ji labari ya ce zai same shi su yi magana.

"Yaya, don Allah ka bari," in ji ta. "Abin da aka roƙo ba ya zama so."

Da bikin ya zo, ta aika da tulun mai gudummawa. Ciwon gyaɗa na 1975, wanda ya ƙarasa kashe dalar gyaɗa a Kano, ya karya jarin mata da yawa, ita sai ta koma daddawa har gyaɗa ta dawo. Ta sake aure sau ɗaya don ta rufe bakin dangi, ta ga ba za ta iya zama da mutum tana cutar da shi ba, ta nemi ya sauwaƙe mata. Daga nan ta gina ɗakinta, ta riƙe yara biyar na 'yan uwa, ta aurar da su, ta biya kujerar Makka da kuɗinta. Mutumin ya riga ta rasuwa. Matan gidanmu sun ce ranar ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai dai ba ta ɗora tukunyar suya ba har kwana uku.

Yanzu ka ɗauki wannan labari ka kai wa furodusa. Abin da zai fara tambaya shi ne ina rawa, ina waƙa, kuma yaushe za su yi aure? Idan ka ce ba za su yi ba, zai ce to a haukatar da ita, ko a tura ta wurin boka, ko a kashe ta da ciwon zuciya. Ƙofofi ukun da muka bar wa macen da aka ƙi ke nan. Ta huɗu, wadda mafi yawan kakanninmu suka bi, wato haɗiye abin a ci gaba da rayuwa cikin mutunci, ba mu ɗauke ta labari ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin 'yan mata da samari daga littafi da fim suke koyon yadda ake so, a nan kuma suke koyon yadda ake ɗaukar ƙi. Idan kullum muna nuna masu cewa naci na juya zuciya, kada mu yi mamaki idan saurayi ya kasa jin "a'a". Idan kullum wadda aka ƙi lalacewa take yi, me muke gaya wa yarinyar da abin ya faɗa wa jiya? Ba muna cewa zaman babu aure abin so ba ne. Auren zawarawa da Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012 ya share wa mata da yawa hawaye. Amma ba kowace mace da ke zaune ita kaɗai ce ta rasa manemi ba. Wata ta san wanda take so, ba ta samu ba, ta ƙi yi wa wani ƙarya.

Marubuta da daraktoci, irin waɗannan tsofaffi suna ta ƙarewa, kuma ba su da Mary Smith da za ta zauna ta saurare su. Kafin ku sake ɗauko labarin Indiya ku sa masa hula, ku ɗauki biro da takarda ku shiga sashen goggo, ku gaishe ta, ku zauna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu dace.