Daga Tabon Peyronie Zuwa Tallan Intanet

Ya kai mai karatu, wataƙila an taɓa gaya maka cewa jan azzakari da matsa shi da hannu domin ƙara masa girma tsohuwar hikima ce ta Larabawan dauri. Masu wannan da'awa ba su kawo wani tsohon littafin likitanci da ya tabbatar da ita ba. Al'adar ta bazu ne tare da yaɗuwar intanet, a bakin masu tallan magunguna da na'urori.

Tarihin da ke da tushe shi ne na rauni. A shekarar 1743, François de la Peyronie, likitan fiɗa na Sarki Louis na 15 na Faransa, ya bayyana cutar da har yau ake kira da sunansa. Tabo ne mai tauri a jikin tantanin da ya lulluɓe sassan da jini ke cikawa lokacin miƙewa; yakan lanƙwasa azzakari, ya jawo zafi, har ya rage tsawonsa. Likitoci na danganta shi da ƙananan raunuka masu maimaituwa. Azzakari ba kamar ƙwanji ba ne da motsa jiki ke ginawa. Yawan matsa shi kan haifar da kumburi, taruwar jini da raguwar ji.

A 2015, masu bincike a Landan sun tattara awon maza fiye da 15,000, suka sami matsakaicin tsawo a miƙe kusan santimita 13. Mafi yawan masu wannan damuwa lafiyarsu ƙalau. Idan ka ga lanƙwasa, zafi ko raunin miƙewa, ka daina nan take, kada kunya ta hana ka ganin likitan mafitsara.