Gilashin nutso: dalilin da ruwa ke shigarsa, da aikin da hanci ke yi

Idan damina ta kankama, Maggiya ta kawo ruwa, madatsun Mozage da Zango da ke ciyar da gandun noman rani na Birnin Ƙonni sukan cika, haka tafkuna da guraben da aka haƙi ƙasa daga Malbaza har Illela. A lokacin ne ake yawan jin yaro ya nutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021. A ƙauyukanmu, kafin ƴan kwana-kwana su iso, masunta da samarin da suka iya ruwa ne ke faɗawa nema, wasu da idonsu kawai, wasu da tabarau na roba. Wannan bayani domin su ne, da duk mai sha'awar koyon nutso da tukunyar iska.

Tabarau daban, gilashin nutso daban

Tabarau na iyo ido kawai yake rufewa. Gilashin nutso, wanda ake kira masque da Faransanci, yana rufe ido da hanci tare, a cikin ɗaki guda na iska, kuma da dalili aka yi shi haka. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, wato bar 1. Ƙa'idar da muka koya a lise da sunan Boyle da Mariotte ta ce idan matsi ya ninka, iskar da ke rufe takan tsuke zuwa rabi. To iskar da ke cikin gilashin ma tsukewa take yi yayin da mutum ke yin ƙasa, sai gilashin ya kama fuska kamar ƙahon wanzami. Idan aka ƙyale shi, ƙananan jijiyoyin ido su fashe, mutum ya fito da ido jajur da kumburin fatar ido. Maganin abin ɗan huci ne ta hanci lokaci-lokaci yayin sauka. Mai tabarau na iyo ba shi da wannan hanya, tun da hancinsa na waje. Shi ya sa tabarau bai dace da nutso mai zurfi ba, ko da na riƙe numfashi ne.

Ta ina ruwan ke shiga?

Galibi ba gilashin ne ya lalace ba. Gefensa mai taushi, na roba ko silikon, shi ke manne wa fata, kuma silin gashi ɗaya da ya shiga ƙarƙashinsa ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Gashin baki shi ne babban mai laifi; gemu kuwa bai cika hana komai ba, don gefen gilashin tsakanin hanci da leɓe yake bi. Wanda ya saba rage gashin baki ya huta da rabin matsalar. Murmushi, yamutsa fuska, ko cizon bakin na'urar numfashi da ƙarfi duk suna motsa fatar da gilashin ya zauna a kai.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaure igiyar tamau da zarar an ga ɗigon ruwa. Ɗaurin yana lanƙwasa gefen robar, ruwa ya ƙara shiga. Ba igiya ce ke riƙe gilashi a cikin ruwa ba, matsin ruwan ne. Igiyar ta zauna a tsakiyar ƙeya, kada ta sauko kan kunnuwa.

Kafin a saya, akwai gwaji mai sauƙi: a ɗora gilashin a fuska ba tare da sa igiya ba, a ɗan ja iska ta hanci, a riƙe numfashi, a saki hannu. Idan ya tsaya, ya dace da fuskar. Idan ya faɗi, a nemi wani, komai arharsa. A kuma duba robar da kyau, don zafin rana irin namu yana busar da ita har ta tsattsage. Wanda ya ajiye gilashi a akwatin babur tun daga watan Afrilu kada ya yi mamaki.

Raba hanci da baki

Na'urar da Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943 ta baki take ba da iska, kuma har yau haka na'urorin da aka fi amfani da su suke. Iskar da ke cikin tukunyar ma ba zallar oksijin ba ce kamar yadda mutane da yawa ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse. Mu kuwa tun ranar haihuwa da hanci muka saba. Malaman nutso na Faransa suna da suna na musamman ga wannan darasi, dissociation bucco-nasale, wato koya wa jiki ya ja iska ta baki alhali hanci na rufe daga ciki, ba tare da an toshe shi da yatsa ba.

Mai jan iska ta hanci a cikin gilashi yana manna shi ga fuska, in kuma akwai ruwa a ciki ya shaƙe shi. Duk wanda ya taɓa zarce ƙa'ida wajen shaƙar ruwa a alwala ya san wannan raɗaɗi da ke hawa har ƙwaƙwalwa. Mai yawan fitar da iska ta hanci kuma yana ɗaga gefen gilashin a kowane numfashi, ruwa na kutsowa, gilashin na yin hazo.

Ana iya fara koyon wannan a tsakar gida. A cika babbar roba da ruwa mai tsabta, a sa guntun tiyo a baki, ɗaya bakin nasa na waje, a tsoma fuska ba gilashi, a yi ta numfashi ta tiyon a hankali. Da farko hanci zai yi gardama. Bayan ƴan kwanaki sai ya saba da zama cikin ruwa bai ja komai ba. A ganina wannan darasi ya fi tsadar kaya muhimmanci.

Fitar da ruwan ba tare da an fito ba

Hancin da ke jawo matsalar shi ne kuma ke magance ta. A fara jan numfashi ta baki. A danna saman gilashin ga goshi da yatsu, a fara huci ta hanci a hankali, sannan a ɗaga kai kaɗan kamar mai duban wata. Iskar ta taru a sama, ta tura ruwan ya fita ta ƙasa. Jerin yana da muhimmanci: wanda ya ɗaga kai kafin ya fara huci, ruwan zai gangara masa cikin hanci. In bai fita duka ba, a sake. Hazo kuwa, ɗan yawu da aka shafa a cikin gilashin aka ɗauraye kafin shiga ruwa ya wadatar.

Inda haɗarin yake

Ruwa a cikin gilashi ba ya kashe mutum. Mai tukunya yana iya ci gaba da numfashi ko da gilashin ya cire gaba ɗaya. Abin tsoron shi ne firgita. Wanda ya shaƙi ruwa ya ruɗe yakan riƙe numfashi ya yi sama da gudu, iskar da ya ja a ƙasa kuma tana kumbura a huhunsa. Daga mita 10 ninkawa take yi, daga mita 3 ma tana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100, abin da ya isa ya yaga huhu. Don haka kada a ce ai tafki ne, ba teku ba. Mai nutso da tukunya ba ya riƙe numfashi yayin hawa. Wanda ya nutsa da numfashin da ya ja a sama wannan bai shafe shi ba, nasa haɗarin shi ne suma idan ya daɗe.

Ruwan madatsunmu kuma ja ne, mai laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Da lalube ake nema, cikin ƙayoyi da tsofaffin taru, inda reshe ɗaya ke iya ture gilashi daga fuska. Ga tsargiya da ke tare da ruwan da ba ya gudu. Saboda haka ƙwararrun masu ceto a gurɓataccen ruwa sukan sa gilashi mai rufe fuska duka, wanda ke barin mutum ya yi numfashi ta hanci, kuma ba sa shiga sai da igiya a jiki da mutum a bakin ruwa riƙe da ita. Wanda mura ta toshe wa hanci ya haƙura da nutso ranar nan, don ba zai iya daidaita matsin kunne ba, ba kuma zai iya fitar da ruwa daga gilashinsa ba.