Wasan Falo

Wasan falo al'ada ce ta masu son waƙoƙin jita a Amurka da Kanada, inda mai gida kan gayyaci mawaƙin da ke tsara waƙoƙinsa da kansa ya yi wasa a falonsa. 'Yan kallo ba su da yawa, kuɗin da suka tara kuwa na mawaƙin ne, sau da yawa har da abinci da makwanci. A 2007 Mitch Podolak da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar Home Routes a birnin Winnipeg na Kanada domin haɗa irin waɗannan gidaje da mawaƙa masu yawo. Masu koyon jita sun fi kowa morewa: yatsun mawaƙi na gabansu, suna ganin yadda ya saita tsirkiyoyi da inda yake dannawa, abin da faifai ba ya nunawa.